Gidan da aka saya da rani: nazarin wani ciniki a birnin Kano

Asalin lamarin (Nuwamba 2023 zuwa Janairu 2024)

Mai wannan lamari ɗan kasuwa ne mai matsakaicin ƙarfi da ke sayar da atamfa a Kantin Kwari. Yana da mata ɗaya da 'ya'ya shida, kuma ya shekara goma sha huɗu yana zaman haya a Fagge. A ƙarshen 2023 aka raba gadon mahaifinsa, ya haɗa kasonsa da abin da ya tara a kasuwa, kuɗin suka kai naira miliyan 21. Ya zaɓi ya sayi ginannen gida maimakon fili, domin tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 farashin siminti da rodi ba ya kwana inda ya yini, ya kuwa ga abokansa da dama sun kai gini linta sun tsaya.

Akwai abin da ya cika masa zuciya a lokacin, kamar yadda ya cika zukatan masu sayen gida da yawa a Kano. A watan Yunin shekarar gwamnatin jiha ta rushe gine-ginen da ta ce an yi su a filayen jama'a, ciki har da shagunan da ke jikin filin Idi na Ƙofar Mata. Daga nan duk wanda zai saka kuɗinsa a gida, tambayarsa ta farko ita ce takarda: wa ya ba da filin, shin yana kan hanya ko makaranta ko maƙabarta, kuma akwai jan fenti a jikinsa ko babu. Da wannan tsoron ya shiga neman gida, kuma a kansa ya ɗora kusan dukan binciken da ya yi.

Ganin gida da ƙulla ciniki (Fabrairu zuwa Maris 2024)

A makon farko na Fabrairu wani dillali ya kai shi wata unguwa a ƙaramar hukumar Gwale, ya nuna masa gida mai ɗaki huɗu da falo, da kicin, da banɗaki biyu, da rijiya a tsakar gida, a kan fili mai faɗin ƙafa 50 da tsawon ƙafa 75. Gidan ya sha sabon fenti ciki da waje, an yi wa falon sabon silin, an kuma manna tayil a bangon ɗakin baya da na banɗakin da ke jikinsa, daga ƙasa har zuwa kimanin mita ɗaya da rabi. Sun shiga bayan la'asar, sun fito kafin magariba.

Zuwa na biyu ya tafi da wani ɗan ƙanin mahaifinsa, birkila ne da ya haura shekara ashirin a sana'ar. Birkilan ya ƙwanƙwasa bango, ya kankare filasta da makulli a wurare biyu ya ce siminti ya ji, ya tabbatar bulo mai inci tara ne a bangon waje. Ya tambayi dalilin tayil a bangon ɗakin kwana, dillali ya ce yayi ne, kuma yana hana yara ɓata fenti. Ba a hau cikin silin ba, domin babu tsani. Ba a yi magana da maƙwabci ko ɗaya ba.

Ta fuskar takardu an yi aiki sosai. Gidan yana da takardar mallaka ta gwamnati, lauya ya nemi bincike a KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye a jihar Kano, aka tabbatar sunan mai sayarwa ne a fayil, babu jingina a banki, babu taƙaddama. Lauyan ya kuma tunatar da shi cewa a ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 sai an nemi amincewar gwamna kafin mallakar ta koma sunansa, aka ware kuɗin hakan. Mai unguwa ya shaida cewa ba gidan gado ba ne da wani magaji zai taso daga baya.

A wannan gaɓar ce yayan matarsa, wanda ya taɓa aiki a wani kamfanin gine-gine, ya ba shi shawarar a kawo injiniya ya duba ginin kafin a biya. An yi magana da wani, ya nemi naira dubu 120 da kwana uku. Abu uku suka hana. Dillali ya ce akwai wanda zai kawo kuɗi ranar Litinin. Azumi ya matso, kuma mai saye yana so a gama kafin a ga wata. Na uku kuwa kunya ce: mai gidan dattijo ne da ake girmamawa, ga kuma birkila ɗan'uwa ya riga ya ce gini lafiya, sai ya ga kawo baƙo da kayan awo tamkar ƙaryata mutum biyu ne a lokaci guda.

An sa wa gidan miliyan 22, aka taya 18, mai gida ya yi albarka, daga ƙarshe ya sallama a miliyan 20. An ba da kafin alƙalami na miliyan 2, aka cika sauran a ranar 7 ga Maris, dillali ya karɓi la'adar naira dubu 500 daga hannun mai saye. A cikin yarjejeniyar akwai layin da ke cewa mai saye ya ga gidan, ya kuma karɓe shi a yadda yake. Iyalin sun tare bayan ƙaramar Sallah, a tsakiyar Afrilu.

Alamun farko da gyare-gyaren da ba su yi ba (Yuni zuwa Yuli 2024)

Wata biyu babu abin da ya faru. Bayan ruwa ya sauka sau uku ko huɗu a watan Yuni, fenti ya fara kumbura yana ɓarewa a gindin bangon falo da na ɗakuna biyu, wani farin gari mai kama da kanwa yana fitowa a wurin. An kira mai fenti, ya ce wanda ya yi na farko bai bar bango ya bushe ba. Ya kankare, ya sake shafawa a kan naira dubu 85. Cikin mako uku fentin ya sake tashi a daidai inda ya tashi da farko.

A farkon Yuli ƙofar ɗakin baya ta fara cijewa, sai an sa kafaɗa take rufuwa, sannan wata siririyar tsaga ta bayyana a saman tayil, ta tashi daga kusurwar taga ta nufi sama a karkace. Birkilan ya zo ya sassaƙe ta, ya cike da siminti mai ƙarfi, kafinta ya fere ƙofar. Wannan ya ci dubu 40. Kafin watan ya ƙare tsagar ta sake buɗewa a gefen cikon.

Sai zato ya koma kan rufi, domin an ga tabon ruwa a silin ɗin ɗakin. Aka sauya kwano shida, aka gyara indararo, aka kashe dubu 210. Yoyon sama ya tsaya, wanda ke nuna lallai rufin yana da nasa laifin, amma danshin gindin bango da tsagar ba su san an yi ba. Jimillar abin da aka kashe a gyara uku ya kama naira dubu 335, kuma kowane mai sana'a ya gano matsalar ne a cikin iyakar sana'arsa.

Watan Agusta

Agusta ne watan da ruwa ya fi yawa a Kano, kuma a mako na biyu aka yi ruwan dare mai ƙarfi. Ruwan layi ya tsallako dokin ƙofa ya cika tsakar gida har idon sawu, sokawe ta cika ta tumbatsa, ruwan rijiya ya sauya launi da wari. Da gari ya waye, tayil huɗu na daɓen ɗakin baya sun ɗago, tsagar bangon kuma ta buɗe har ana iya zura kan makulli.

Da safiyar nan wani tsoho da ke zaune a layin tun kafin a yi gidajen ya leƙo jaje. A cikin zance ya ce: "Alhaji, ai bayan gidan nan bakin kududdufi ne. Nan muke haƙar ƙasar tubali, yara na wanka da damina." Ya bayyana cewa shekaru aka yi ana zuba shara har ramin ya cike, aka bi da jar ƙasa a sama, aka yanka filaye. Wannan ba baƙon abu ba ne a Kano, inda kududdufai da yawa da a da suke karɓar ruwan unguwanni suka koma filayen gini. Da aka tambaye shi me ya sa bai faɗa ba tun farko, sai ya ce ba wanda ya tambaye shi, shi kuma ba ya shiga cinikin da ba a sa shi ba.

An kwashe yara daga ɗakin a ranar, aka nemi injiniyan da aka fasa ɗauka a watan Fabrairu.

Duba ginin (3 da 4 ga Satumba 2024)

Injiniyan yana da rajista da COREN, hukumar da ke tantance injiniyoyi a Najeriya, kuma ya nuna lambar rajistarsa kafin a fara. A wannan karon kuɗin ya kama dubu 180, har da ladan leburori biyu.

Bai fara da tsagar ba. Ya fara da tsayuwa a layi yana duba inda ruwa ke bi, ya auna ya samu daɓen tsakar gidan ya yi ƙasa da layin da santimita 20, domin maƙwabta sun yi ta ciko a ƙofofinsu tsawon shekaru, lambatun da ya kamata ya ɗauke ruwa kuma ya toshe. Daga nan ya ɗauko doguwar tiyo mai garai-garai, irin wadda magina ke cika wa ruwa su daidaita linta, ya zaga kusurwoyin gidan da ita. Kusurwoyin gaba biyu sun yi daidai da juna. Kusurwar baya ta ɗakin da ya tsage ta sauka da milimita 45.

Tsagar kanta ya auna ta a wuri uku: milimita 6 a sama, 4 a tsakiya, 2 a ƙasa. Ya yi wa mai gidan bayani cewa tsagar filasta siririya ce kamar gashi, tana yawo ba tare da alƙibla ba, ba ta kuma ratsa bulo. Wadda ta tashi daga kusurwar taga ko ƙofa a karkace, ta fi faɗi a sama, ake kuma ganinta ciki da waje a wuri ɗaya, ita ke nuna wani sashe na harsashi yana nutsewa yana jan bango. Irin wannan ko buhu nawa aka cusa mata za ta sake buɗewa, domin abin da ke motsi yana ƙarƙashin ƙasa. Ya manna ƙananan ɓallin gilashi da siminti a kan tsagar da wasu wurare huɗu a sauran gidan, ya rubuta kwanan wata a gefen kowanne, yadda idan bango ya motsa gilashin zai fashe.

A rana ta biyu leburori suka haƙa rami biyu a jikin harsashi. A gaban gida an tarar da jar ƙasa mai tauri a zurfin santimita 90, harsashin yana zaune a kanta. A baya kuwa harsashin ya tsaya a santimita 60, babu rodi a cikin kankarensa, abin da ke ƙarƙashinsa kuma baƙar ƙasa ce mai laushi gauraye da leda da tsumma da tsofaffin silifa. An kai mita 1.8 ba a fita daga sharar ba, sai da aka zura rodi aka ji tauri a wajen mita 2.4. Yadda bulon ya haɗu da na babban ginin ya nuna ɗakin baya da banɗakinsa ƙari ne da aka yi daga baya. Ciko irin wannan yana ruɓewa yana matsewa a hankali, kuma ruwa na gaggauta hakan, shi ya sa ginin ke tsayawa cik da rani ya motsa da damina.

Sai ya nemi izini ya ɓamɓare tayil uku a bangon ɗakin. A bayansu ga tsagar nan ta ci gaba har ƙasa, da tsohon ciko iri biyu masu launi daban, wato an taɓa toshe ta aƙalla sau biyu kafin a rufe ta. An ɗauki hotuna da ma'auni a jiki.

Sauran abubuwan ya bi su da sauri. Danshin gindin bango daga ƙasa yake hawowa, domin ba a shimfiɗa abin da ke tare laima tsakanin harsashi da bulo ba, ga kuma ruwa na kwanciya a jikin bangon. A cikin silin gara ta ci katako biyar, an haɗa wayoyin wuta da salatif ba tare da akwati ba, babu kuma wayar da ke sauke wuta ƙasa. Tsakanin rijiya da sokawe mita 4 ne kacal, alhali tazarar da ma'aikatan lafiya ke bayarwa ba ta gaza mita 15, wasu ma sukan ce 30.

Rahoton ya zo a rubuce bayan kwana biyar, shafi tara, da sa hannu da hatimi. Ya kasa abubuwan gida uku: masu haɗari yanzu, wato ɗakin baya da wayoyi da ruwan rijiya, waɗanda za su ƙaru idan an bar su, wato danshi da gara da hanyar ruwa, sai na kwalliya. Ya ce babban ginin lafiya yake. Ya ƙiyasta cikakken gyara, har da sake gina ɗakin a kan ginshiƙai masu kaiwa ƙasa mai tauri, a kan naira miliyan 6.2.

Komawa ga mai sayarwa (Satumba zuwa Oktoba 2024)

Yunƙurin farko ta hannun dillali aka yi, kuma bai kai ko'ina ba. Amsarsa ita ce an gani an saya, har da magini aka zo. Lauya ya ce a dokar da manyan kotuna ke bi, nauyin dubawa yana wuyan mai saye, layin nan na "a yadda yake" kuma ya raunana ƙarar. Abin da ke hannunsu shi ne shaidar rufe aibi da gangan, amma ya gargaɗe shi cewa shari'ar na iya ɗaukar shekaru, kuɗinta kuma ya ci rabin abin da ake nema.

Wani malami da aka tuntuɓa ya kawo wata hanyar. Ya ambaci hadisin da Annabi (SAW) ya sa hannu cikin tarin abinci ya ji laima a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Ya bayyana cewa malaman Malikiyya sun kasa aibin gida uku: ƙarami wanda ba a komawa kansa, matsakaici wanda mai saye ke riƙe gidan a mayar masa da ƙimar aibin, da babba wanda ke ba shi damar mayar da gidan ya karɓi kuɗinsa. Sun yi saɓani kan iyakar babba, wasunsu suka ce wanda ya kai sulusin farashi. Miliyan 6.2 bai kai sulusin miliyan 20 ba, rahoton kuma bai ce gidan gaba ɗaya zai faɗi ba. Shi ma mai sayen ba ya son mayarwa, domin kuɗin Maris ba za su sayi irin gidan a Oktoba ba.

An zauna a zauren mai unguwa ranar 12 ga Oktoba. Dattijon ya ce shi ma a gine ya sayi gidan, 'yan haya ne suka zauna a ciki, kuma ɗansa ne ya kula da gyaran da aka yi kafin a sa shi kasuwa. Mai saye bai ɗaga murya ba. Ya ce: "Baba, ban zo in ce ka cuce ni ba. Ga abin da aka samu a bayan tayil, ga awon." Aka aika aka kira mai tayil ɗin, wanda ɗan unguwar ne, ya faɗa a gaban kowa cewa ya nuna wa ɗan mai gidan tsagar, aka ce masa ya rufe. Daga nan maganar ta tashi daga ko akwai aibi ta koma nawa ne. Dattijon ya ce wayoyi da rijiya da gara abubuwa ne da duk wanda ya duba zai gani, don haka ba zai ɗauke su ba, zaman kuma ya ba shi gaskiya a kan haka. Ya amince ya mayar da miliyan 3 a biya biyu saboda ɗakin baya. Dillali ya mayar da rabin la'adarsa, dubu 250. An rubuta, shaidu huɗu suka sa hannu, kuma an cika biyan a watan Disamba.

Gyara (Nuwamba 2024 zuwa Fabrairu 2025)

Kuɗin ba su isa cikakken gyara ba, sai aka bi wani zaɓi na daban da rahoton ya bayar. An rushe ɗakin baya da banɗakinsa, aka mayar da wurin tsakar gida da rumfar kwano marar nauyi. An gina sabon banɗaki da sabuwar sokawe ta gaba, inda ƙasa ke da tauri. An ɗaga dokin ƙofa da bulo biyu, an zuba kankare mai gangara mai faɗin santimita 60 a kewayen bango, an fitar da kwata zuwa lambatu, magidanta biyar na layin kuma suka haɗa kuɗi aka yashe shi. An sassaƙe filastar gindin bango aka sake ta da siminti mai maganin ruwa, aka sauya katakon da gara ta ci, aka sake wayarin. Rijiyar ta koma ta wanki kawai. Aikin ya ci miliyan 3.9.

Idan aka haɗa da gyaran da bai yi ba da kuɗin injiniya, ya kashe naira 4,415,000, ya karɓo 3,250,000. Ya yi asarar 1,165,000 da ɗaki ɗaya.

Bayan daminar 2025, da abin da za a iya cewa

An sake awo a watan Oktoba 2025. Gilasai huɗun da ke jikin babban ginin babu wanda ya fashe, kusurwoyin suna nan a inda suke, ruwan layi bai shiga gidan ba ko sau ɗaya.

Binciken takardu da aka yi daidai ne, kuma da ba a yi shi ba asarar na iya fin wannan. Sai dai fayil yana faɗin mai filin ne da iyakarsa, ba ya faɗin abin da ke ƙarƙashin harsashi, mai sayen kuma ya ɗauki amsar tambaya ɗaya a matsayin amsar biyu. Birkilan ma bai yi ƙarya ba: bulon da filastar da ya gwada masu kyau ne. Kuskuren shi ne ba a ba shi tsani ko lokaci ba, ya kuma karɓi bayanin tayil daga bakin wanda la'adarsa ta rataya a kan a yi cinikin.

A Amurka duba gida kafin saye sana'a ce mai zaman kanta, kuma an saba sa sharaɗi a yarjejeniya cewa mai saye na da 'yan kwanaki ya kawo mai dubawa, idan rahoton bai gamsar da shi ba ya janye ko ya nemi ragi. A Kano ba a saba da hakan ba, amma kafin alƙalami na iya yin wannan aikin idan an rubuta cewa za a mayar da shi matuƙar aka sami aibi a harsashi. A nan an ba da miliyan 2 ba tare da sharaɗi ba, daga ranar kuwa duk jinkiri ya zama barazana ga kuɗin mai saye.

A ganina, mafi yawan abin da aka gano a Satumba ana iya gano shi a Fabrairu duk da rani. Saukar kusurwa da tiyo ake auna ta, ba ta jiran ruwa, haka tazarar rijiya da sokawe, da tsayin layi a kan daɓe, da abin da ke cikin silin. Ramin gwaji yana buƙatar yardar mai gida, ƙin yardar ma bayani ne. Tarihin kududdufin kuwa ko kwabo ba ya ci, gaisuwa ce da tambaya a ƙofar maƙwabci. Abin da ya sa sulhu ya yiwu shi ne rubutaccen awo daga wanda ba dangin kowa ba ne, domin shi ya ba dattijon hanyar biya ba tare da an kira shi maƙaryaci a gaban mai unguwa ba.

Danshi ne kaɗai dubawar rani za ta iya kasa nuna girmansa a bayan sabon fenti, shi ne kuma bai warke sarai ba. Bangon falo na gabas har yanzu yana jiƙewa kimanin santimita 15 daga ƙasa a watan Agusta. Injiniyan ya ce maganinsa na dindindin shi ne a yanka gindin bangon kaɗan-kaɗan a zura abin tare laima, mai gidan kuma ya ɗage aikin zuwa lokacin da zai gama biyan kuɗin sauya sunan takarda.